Kwamfutar Wasa: A Fara da Wuta, Kati Ya Jira

'Yan'uwa ɗalibai, tun da Babban Banki ya sakar wa Naira mara a Yunin 2023 kayan kwamfuta suka yi tashin gwauron zabi. Duk da haka samarin Kankiya da Kusada kan tafi Titin Beirut a Kano da tarin wata da watanni, su zuba rabinsa a katin hoto. A ganinmu wannan ganganci ne.

Mu dubi inda muke zaune. Wuta kan ɗauke, ta dawo da ƙarfi; zafin Afrilu kan haura digiri 40; ƙurar hunturu kan toshe fanka. Akwatin raba wuta mai araha, ranar da ya ƙone, yana iya tafiya da katin da babban allon baki ɗaya. Araha ba ta ado.

Saboda haka a fara da ingantaccen akwatin wuta da UPS. Sa'an nan a sayi Ryzen 5 5600G, wanda ke nuna hoto ko babu kati, da RAM gigabait 16, da SSD. Kati ya jira alawus ɗin hidimar ƙasa. Injin da ya tsira shi zai buga ƙwallo da dare, ya rubuta kundin digiri da safe.