Amadu biyu a jimla guda

Duk ɗan lakwal na Damagaram da ya kai kwaleji ya san wahalar Ingilishi, domin ta hanyar Faransanci yake shigarsa, alhali da Hausa yake tunani. Wurin da ƙafa ta fi zamewa shi ne wajen komawa ga abin da aka riga aka ambata.

Tarihin gida ya isa misali. Sarki Amadu Kuran Daga, ɗan Tanimun, shi ne ke bisa gadon sarauta a 1898 sa'ad da aka kashe Kyaftin Cazemajou a Zinder. Faransawa suka ci yaƙin Tirmini a 1899, suka kashe shi a wannan shekara, suka naɗa Amadu Ɗan Bassa. Shi kuma a 1906 suka zarge shi da ƙulla makirci, suka tuɓe shi, suka kai shi Kodibuwa. To, in yaro ya jera sunayen nan biyu da Ingilishi sannan ya rubuta "he was exiled", wane Amadu ke nan? Mai gyaran takardar jarrabawa ba boka ba ne, kuma ba aikinsa ba ne ya yi duba.

Ingilishi na da maganin wannan: "the former" na nufin wanda aka fara ambata, "the latter" kuma na biyun. Amma a nan Faransanci ke ɗana tarko. Yaro ya saba jin "celui-ci" kafin "celui-là", sai ya ɗauka "celui-ci" ne na farko. Ba haka ba ne. "Celui-ci" kamar "wannan" yake, yana nuna na kusa, wato wanda aka ambata daga baya, saboda haka shi ne "the latter". "Celui-là" shi ne "wancan", na nesa, "the former". Wanda ya juya su ya aika Kuran Daga Kodibuwa shekara bakwai bayan mutuwarsa. Kalmomin nan kuwa abu biyu kawai suke ɗauka. In an ƙara Tanimun suka zama uku, sai a koma ga "the first" da "the last", ko a kira kowa da sunansa.

Abin ya fi tsanani ga fatake masu aika saƙo Kano ko Legas, inda ake rubuta takardun ciniki da Ingilishi. Bahaushe in ya ce an ɗora buhu bisa mota, "ta lalace", kowa ya san motar ce. In ya ce "ya lalace", buhun ne. Faransanci ma na da "il" da "elle". Ingilishi ya tattara su duka cikin "it". Mai kaya a Kantin Kwari da ya karanta "it was damaged" bai san ko makaniki zai nema ko diyyar kaya zai biya ba, kuma da irin wannan ɗan shakku ake ɓata amanar shekaru.

Malamai da yawa na hana yara maimaita kalma, suna cewa rashin gwaninta ne. Wannan horo daga darasin rubutun Faransanci ya fito, kuma bai kamata a ɗora shi bisa takardar ciniki ba. A can, "the sack was damaged" ta fi "it" tsawo da kalma guda tak.