Hani Kaɗai Ba Zai Kori Bairos Daga Kwamfutar Makaranta Ba



Duk wanda ya halarci asambuli ranar Litinin ta makon jiya ya ji sanarwar da aka yi: daga yanzu babu ɗalibin da zai ƙara soka filas, ko memori, ko waya, ko na'urar gem a jikin kwamfutar makaranta, kuma wanda aka kama za a ƙwace abinsa har ƙarshen zango. Mu 'yan aji biyu mun fi kowa sanin dalilin wannan doka, domin a hannunmu abin ya faru. Shi ya sa muka nemi wannan fili a wurin ƙungiyar 'yan jarida, mu faɗi laifinmu da bakinmu, sannan mu roƙi a sake duba dokar.

Ga yadda abin ya kasance. Wani ɗan ajinmu yana da gem irin na riƙewa a hannu, wanda ake kira PSP. Yayansa ne ya sayo masa na gwanjo a Kano. Mun kusa wata uku muna buga gasar ƙwallo a cikinsa, muna karɓa-karɓa da yamma bayan an taso daga Islamiyya, har kulob ɗinmu ya kai wasan kusa da na ƙarshe. Sai memorin ya fara gardama, yau ya buɗe, gobe ya ƙi. Muka tsorata kada wahalarmu ta tafi a banza. Ranar da aka sa mu sharar ɗakin kwamfuta, muka tarar da laftof ɗin da ake buga jarrabawa a kunne, muka ce bari mu ajiye kwafin wasanmu a ciki na kwana biyu. Ba mu nemi izinin kowa ba. Washegari Malam ya sa filas ɗinsa a wannan laftof, sai ya ga foldar tambayoyin gwajin tsakiyar zango ta rikiɗe, ta koma wata alama mai 'yar kibiya a gefe, in an danna ta ƙi buɗewa. Sai da aka ɗage gwajin 'yan aji uku saboda mu.

Laifin namu ne. Mun karɓi horo, mun ba Malam haƙuri a ofis, muna kuma ƙara ba shi haƙuri a nan a rubuce. Yayyenmu 'yan aji uku, ku ma ku yafe mana.

Amma akwai abin da ya faru bayan nan wanda ba a faɗa a asambuli ba. Malamin kwamfuta mai bautar ƙasa ya zauna gaban laftof ɗin, mu kuma muna tsaye a bayansa muna jiran hukunci. Ya umarci kwamfutar ta nuna fayilolin da aka ɓoye, sai ga tambayoyin Malam sun fito, ko ɗaya bai ɓata ba. Ya ce mana irin wannan bairos yawanci ba ya gogewa, ɓoye kayan yake yi, ya ajiye na bogi a madadinsu don ka danna ya ƙara yaɗuwa. Ya tambaye mu inda muka taɓa kai memorin, muka ce shagon turi. Ya ce to, daga can muka kwaso shi. An rubuta bairos ɗin ne don kwamfuta mai Windows, ba ya iya aiki a cikin PSP, shi ya sa ba mu ga alamar komai ba. Memorinmu ya ɗauko shi ne kamar yadda ƙarangiya ke maƙalewa a ƙafar wando, mutum ya shigo da ita har ɗaki bai sani ba.

Bayanin nan bai wuce minti goma sha biyar ba. Da mun ji shi mako ɗaya kafin nan, da ba a ɗage gwajin kowa ba. Wannan shi ne tushen ra'ayinmu: rashin sani ne ya jawo ɓarnar, dokar hani kuwa tana barin rashin sanin a inda yake.

Ga wanda bai taɓa gani ba, bari mu bayyana yadda ake haɗa gem da kwamfuta, don a ga ko wasa ne kawai ko akwai darasi a ciki. Kamfanin Sony na ƙasar Japan ne ya fito da PSP a watan Disamba na 2004, ya kuma daina ƙera shi a 2014, wato ya girme mu duka. A samansa akwai ƙaramar kafar USB. Ana soka kebul a nan, a soka ɗaya kan a kwamfuta, sannan a shiga wurin saiti a zaɓi haɗin USB. Nan take kwamfuta za ta ga memorin gem ɗin kamar yadda take ganin filas. In ka buɗe za ka tarar da foldoji: ta waƙoƙi daban, ta hotuna daban, ta bidiyo daban. Inda ka tsaya a wasa yana cikin wata folda mai suna SAVEDATA. Ita kaɗai muke son kwafewa ranar nan, kuma ba ta da wani nauyi.

Ko kebul ɗin ma akwai ilimi a cikinsa. Kebul na USB na gargajiya yana da 'yan wayoyi huɗu a ciki: biyu na kai wuta, biyu na kai bayani. Wasu masu araha na caji ne zalla, babu na bayanin, shi ya sa za ka ga na'ura tana caji amma kwamfuta ba ta gan ta ba. Akwai bambanci tsakanin kwafa da yankewa: in ka kwafa, abin yana nan a wuri biyu, in ka yanke kuma wuta ta ɗauke a tsakiya kana iya shiga uku. Akwai dalilin da ya sa ba a fizge kebul sai an gaya wa kwamfuta za a cire, domin wataƙila ba ta gama rubutu ba. Muna zargin irin wannan fizga ce ta fara lalata mana memori. Akwai kuma lissafin wuri: faifan gem na PSP yana ɗaukar har gigabait 1.8, don haka mai memorin gigabait 4 dole ya yi lissafi kafin ya zuba kaya.

Malamai, ku duba littafin darasin kwamfuta na aji ɗaya da aji biyu. Fayil, folda, na'urar adana bayanai, bairos da rigakafinsa, duk suna ciki. Mun zana linzamin kwamfuta a littafi, mun zana filas, mun haddace ma'anarsu mun rubuta a jarrabawa mun ci maki. Amma da yawanmu ba mu taɓa ƙirƙirar folda ɗaya da hannunmu ba. Ba laifin malamai muke gani ba, mun san kwamfutocin ba su da yawa, ajin kuma cike yake, ga matsalar wuta. Abin da muke cewa shi ne, gem ɗin da ake gani abin ɓata lokaci shi ya fara sa mu damu da waɗannan kalmomi da gaske, domin wasanmu na wata uku yana cikin fayil, ba mu so ya ɓata. Gani ya kori ji.

Mun san abin da za a ce mana, kuma ba mu raina shi ba.

Za a ce gem yana hana karatu. Gaskiya ne, akwai ɗan ajinmu da ya yi barci a darasin lissafi saboda ya raba dare yana buga ƙwallo a wayar yayansa. Ba mu roƙi a bar mu mu buga gem a makaranta ba, kuma mun yarda a ƙwace na duk wanda ya fito da shi a aji. Koyon tura fayil daban, buga wasa daban.

Za a ce bairos zai dawo. Mu ma muna tsoron haka. Sai dai ku tuna bairos bai san ɗalibi da malami ba. Filas ɗin da aka kai shagon buga takardu a Gumel ko Maigatari zai iya ɗauko shi kamar yadda memorinmu ya ɗauko. Ko an hana kowane ɗalibi shiga ɗakin, in ba a sa manhajar rigakafi ana sabunta ta ba, in ba a bincika kowane filas kafin a buɗe shi ba, wata rana tambayoyin jarrabawa za su sake ɓuya, kuma ranar ba za a sami 'yan aji biyu da za a kama ba.

Za a ce mu je wurin mai turi, ai sana'arsa ce. Muna girmama masu wannan sana'a, da yawansu yayyenmu ne masu neman halaliyarsu. Amma a shago miƙa memori kake yi da kuɗi, ka tsaya a waje, a miƙo maka. Ba ka ga abin da aka danna ba, ba ka san abin da aka ƙara maka ba. Wani lokaci yaro ya je neman gem ya dawo da bidiyon da ba zai iya kallo gaban mahaifiyarsa ba. Kwamfutar shago kuma memori nawa ke shiga cikinta a yini? Dokar hani ba ta raba mu da tura fayil ba, ta mayar da mu ne wurin da babu malamin da ke kallonmu.

Akwai kuma maganar haƙƙi, wadda mu da kanmu muka tattauna. Yawancin gem ɗin da ake turawa a shago ba saye aka yi daga masu shi ba, kwafi ne, kamar yadda masu shirya finafinan Hausa a Kano suka daɗe suna kukan ana kwafe musu aiki. Don haka ba mu nemi a mayar da ɗakin kwamfuta wurin rabon gem ba. Abin da za a kwafa shi ne abin da yake namu: inda muka tsaya a wasa, hotunan da muka ɗauka, muryar da muka naɗa, da darasin da Malam ya ba mu. PSP yana kunna sauti na MP3, yana nuna hoto. Za a iya zuba masa karatun Alƙur'ani mai hadda ya riƙa bita, ko hoton taswirar Najeriya da teburin sau.

Ga roƙonmu ga Shugaban makaranta, guda huɗu ne.

Na farko, laftof ɗin jarrabawa ya zama haramun ga kowane ɗalibi, a sa masa kalmar sirri, a kulle shi a ofis. A nan muna tare da dokar ɗari bisa ɗari.

Na biyu, a ware tsohuwar kwamfutar da ke kusurwa, wadda babu takardar makaranta ko ɗaya a cikinta, ta zama ta gwaji. In ta kamu, a wanke ta, babu wanda ya yi asara.

Na uku, a ba mu awa ɗaya a mako, ranar da ake yin kulob, Malam yana tsaye. Mai gem ya kawo, mai memori ko filas ya kawo da izinin iyayensa, a ajiye a ofis da safe, a karɓa lokacin darasin. Kowa ya rubuta sunansa a littafi, a bincika na'urarsa da manhajar rigakafi kafin a buɗe ta. A tabbatar 'yan mata sun zauna a kujerar sun riƙe linzami, kada maza su mamaye kamar yadda muka saba.

Na huɗu, a koya mana abin da Malam mai bautar ƙasa ya yi ranar nan tun bai gama shekararsa ya tafi ba. In ya tafi da wannan ilimi a kansa, wa zai fito da fayilolin in sun sake ɓuya?

Ba don gem kaɗai muke wannan magana ba. Tun 2015 hukumar JAMB ta koma yin jarrabawarta da kwamfuta gaba ɗaya. Nan da 'yan shekaru mu ma za mu zauna gaban allon nan, tare da yaran birni da suka tashi da kwamfuta a gida. Ba a fafe gora ranar tafiya. A jiharmu akwai makarantar koyon fasahar kwamfuta a Kazaure, kuma Kashifu Inuwa Abdullahi, wanda aka naɗa shugaban hukumar NITDA a 2019, mutumin Haɗeja ne. Manhajar PPSSPP da yayyenmu ke buga wasannin PSP da ita a waya, wani mutumin Suwidin mai suna Henrik Rydgård ne ya fara ta a 2012. Kowannensu akwai ranar da ya fara buɗe folda. Ɗan Gagarawa Tasha ma yana buƙatar tasa ranar.

Ku kuma 'yan'uwanmu ɗalibai, kafin a amsa mana, doka tana nan kuma mu bi ta. Kada wanda ya soka komai a kwamfutar da ba tasa ba sai da izini. In ka ga foldarka ta koma alama mai kibiya, kada ka danna, kada kuma ka yi saurin wanke memorin, ka kai wa wanda ya sani. In kana da abin da kake ji da shi, ka ajiye shi a wuri biyu. Mu mun koyi wannan da cire ciyawar bayan ofis har kwana uku, ku ku koya a kyauta.

Game da gasarmu kuwa, Malam ya ceto mana fayil ɗin, amma gem ɗin yana cikin durowar ofis sai ƙarshen zango. Ba mu yi ƙorafi ba. Muna jiran amsar Shugaban makaranta, kuma ƙungiyar 'yan jarida ta yi alkawarin manna ta a wannan allo, ko ta yi mana daɗi ko ba ta yi ba.

Allah ya ƙara wa malamanmu haƙuri da mu. Wassalam.

Daga wakilin 'yan aji biyu, Ƙungiyar 'Yan Jarida