Kafin katafila ta kafa haƙori a ƙasa

 Duk inda za a yi sabon titi, kafin a ga katafila ko gireda, akan fara ganin mutum biyu ko uku sanye da riguna masu ƙyalli. Ɗaya ya kafa wata na'ura a kan ƙafa uku yana leƙe, ɗaya kuma yana can nesa riƙe da doguwar sanda a tsaye ƙyam. Yara kan ce masu ɗaukar hoto ne, manya kuma gabansu ya faɗi don tsoron rusau. To, 'yan safiyo ne. Yau a kan aikinsu za mu tattauna, kuma za mu fi daɗewa a ɓangaren da ido ba ya gani, wato gano abin da ke binne kafin a haƙa.

A ƙarƙashin titin da kuke bi zuwa makaranta, musamman a manyan birane, akwai wani garin daban. Akwai bututun ruwan famfo, wasu tun na zamanin Turawa. Akwai wayoyin lantarki, da kebul ɗin intanet mai zaren gilashi siriri kamar gashi, a wasu wuraren har da bututun mai ko na gas. Kowannensu da mai shi, kowanne da shekarar da aka binne shi, kuma sau da yawa wanda ya binne na yau bai san inda na jiya ya bi ba.

A ranar 15 ga Mayun 2008, a unguwar Ijegun da ke Legas, wata katafila mai aikin titi ta fasa bututun man fetur. Wuta ta tashi ta ci gidaje, ta kai har wata makaranta da ke kusa, a lokacin da yara ke ciki. Ƙungiyar agaji ta Red Cross ta ce kimanin mutum 100 ne suka rasu, hukumomi kuma suka ba da adadin da bai kai haka ba. Ko da wanne aka ɗauka, akwai ɗalibai irinku a cikin waɗanda ba su koma gida ba a ranar. Allah Ya kiyaye faruwar irin haka. Ɓarnar da ta fi yawa kuwa ba ta zuwa da wuta. Hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta ce an yanke kebul ɗin intanet fiye da sau 50,000 a Najeriya a 2024, kusan 30,000 daga ciki a wajen aikin titi. In kun taɓa wayar gari babu sabis a waya, POS ya ƙi aiki, ana ta tsine wa kamfani, mai yiwuwa wani haƙorin ƙarfe ne ya datse zare a wani kwari mai nisan kilomita 200 daga gidanku. Kuma ba mu kaɗai ke fama ba. Gwamnatin Birtaniya ta ƙiyasta cewa tana da bututai da wayoyi masu tsawon kilomita miliyan 4 a binne, kuma ana fasa su bisa kuskure kusan sau 60,000 a shekara.

To yaya za a ga abin da ƙasa ta rufe ba tare da an tone ba?

Na'urar da ta fi sauƙi tana aiki da abin da kuka koya a darasin fiziks: duk wayar da lantarki ke gudana a cikinta tana haifar da ƙarfin maganaɗisu a kewayenta. Mai bincike yana tafiya a hankali yana karkaɗa na'urar daf da ƙasa, ita kuma tana ƙara ƙara yayin da ya zo daidai saman wayar. Idan bututun ƙarfe ne da babu wuta a cikinsa, sai a maƙala masa wani ƙaramin akwati a inda ya leƙo waje, akwatin ya zuba masa siginar da za a bi sawunta. Matsalarta ɗaya, kuma babba ce: ba ta jin roba. Bututun ruwa na roba da ake yayi yanzu, da zaren gilashi marar rigar ƙarfe, duk sai ta wuce ta kansu shiru.

Nan ne radar mai leƙen ƙasa, wadda ake kira GPR, ke shigowa. Da ganinta kamar ƙaramin amalanke ce mai allo a wajen mariƙi. Yayin da ake tura ta, tana harba igiyoyin rediyo cikin ƙasa. In igiyar ta ci karo da abin da ya bambanta da ƙasar da ke kewaye da shi, ƙarfe ne, roba ce, dutse ne ko rami, sai wani sashe nata ya dawo sama. Amsa-kuwwa ce kawai, irin wadda jemage ke amfani da ita a duhu. Abin da na'urar ke aunawa shi ne lokacin da igiyar ta ɗauka zuwa da dawowa, kuma lokacin ƙanƙane ne ƙwarai, ana lissafa shi da nanosakan, wato kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa. Ku ɗauko rularku ta makaranta mai santimita 30. Tsawonta shi ne tafiyar da igiyar rediyo ke yi a iska cikin nanosakan ɗaya. A cikin ƙasa saurin yana raguwa: kimanin santimita 15 a busasshen rairayi, kimanin 10 a ƙasa ta yau da kullum, a cikin ruwa kuwa 3 da ɗoriya kacal.

Mu yi lissafin tare. A ce igiya ta dawo bayan nanosakan 20, a ƙasar da saurin ya kai santimita 10. Ta yi tafiyar santimita 200 ke nan. Amma zuwa da dawowa ne, don haka sai a raba biyu: bututun yana zurfin mita ɗaya. Yanzu a ce an kwana ana ruwa, ƙasar ta jiƙe, saurin ya sauka zuwa santimita 6, mai aikin kuma bai gyara lambar da ya ba na'urar ba. Allo zai ci gaba da nuna masa mita ɗaya, alhali bututun yana santimita 60 ne. Direban katafila da aka ce wa yana da sararin mita guda zai kafa haƙori da ƙarfin gwiwa. Na'urar ta auna lokacinta daidai; lambar da mutum ya ba ta ce ta kauce.

Kada kuma ku ɗauka allon yana nuna hoton bututu kamar a fim. Layuka ne baƙi da fari, bututun kan fito a cikinsu kamar ƙwarya a kife. Dalili shi ne na'urar tana fara jin bututun tun tana nesa da shi, lokacin da hanyar igiyar ke da tsawo, hanyar ta gajarce a daidai samansa, ta sake tsawo bayan an wuce. Ƙoƙon ƙwaryar shi ne inda bututun yake, kuma daga faɗin buɗewarta gwani kan gane saurin igiyar a wannan ƙasar, ya gyara lissafinsa. Saiwar bishiya ma ƙwarya take bayarwa, haka dutse. Sannan ƙasar yumɓu mai danshi, irin ta fadama, tana shanye igiyar tun kafin ta yi nisa, ta yadda na'urar da ke ganin mitoci a rairayi za ta kasa ganin rabin mita. Shi ya sa ƙa'idar da Birtaniya ta fitar a 2014 ta kasa ingancin irin wannan bincike hawa huɗu. Mafi ƙasa shi ne dogaro da tsofaffin takardu. Mafi sama kuwa ba na'ura ba ce: a tona ƙaramin rami a hankali a ga bututun ido da ido, a auna shi. Bayan duk wannan fasaha, shebur ne ke yanke hukunci.

An gano bututu, sai me? Fentin da aka shafa a ƙasa damina ɗaya za ta wanke shi. Dole a rubuta wurin da lambobin da wani zai iya komawa kansu bayan shekara talatin, ko da an sare bishiyar da ke gefen an kuma rushe katangar. GPS ɗin wayarku yana sauraron taurarin ɗan adam da ke nisan kilomita 20,200 a sama, yana buƙatar aƙalla huɗu, kuma yakan kauce da kamar mita biyar. Wannan ya isa a gane gidan biki, bai isa a kauce wa bututun gas ba. 'Yan safiyo suna amfani da na'ura biyu. Ɗaya a kafe take a kan wurin da an riga an san lambobinsa, don haka tana gane yawan kuskuren da siginar ta zo da shi a wannan daƙiƙar, ta aika wa ta biyun da ke yawo ta cire. Da haka kuskuren ke sauka zuwa santimita biyu ko uku.

Akwai wani tarko a nan da ya shafi Najeriya kai tsaye. Tsofaffin taswirorin ƙasar an gina su ne a kan wani tushen awo da ke Minna, GPS kuwa yana aiki da tushen duniya da ake kira WGS 84. Wuri ɗaya yana da lambobi iri biyu, kuma tsakaninsu akwai gomman mitoci. Wanda ya kwafi lamba daga tsohuwar taswira ya zuba a sabuwar na'ura bai juya ta ba, zai je ya nemi bututu a tsakar gidan mutane. Irin wannan ne ma ya sa ba ma son ganin yara suna tumɓuke ƙananan turakun siminti masu ƙusa a ka da ake gani a gefen hanya ko a kusurwar fili. Kowanne yana riƙe da lambar da aka sha rana kafin a samu.

Mu dawo ga mai leƙe a kan ƙafa uku. Na'urarsa tana auna abu biyu a lokaci guda, kusurwa da tazara. Tana aika haske zuwa wani madubi da ke kan sandar abokin aikinsa, hasken ya dawo, ta fitar da nisan, kuma a kilomita guda kuskurenta bai wuce 'yan milimitoci ba. Sauran aikin na alwatika ne. In ta auna mita 100 a kan hawan da ya ɗaga da digiri 5, sai ta ninka da cos ta sami mita 99.62 a kwance, ta ninka da sin ta sami tsayin mita 8.72. Masu tambayar malamin lissafi ina amfanin sin da cos a rayuwa, ga amsarku nan a bakin titi. Yanzu har akwai motocin da ke ɗauke da na'urar LiDAR, suna tafiya suna auna dubban ɗaruruwan wurare a daƙiƙa, amma su ma da waɗancan turakun ake tantance su.

Me ya sa ake wannan ƙaƙale a kan santimita? Saboda ruwa. Titi mai kyau ba shimfiɗe yake kamar tabarma ba, tsakiyarsa ta ɗan fi gefensa tudu, galibi da kimanin santimita biyu da rabi a kowace mita, don ruwan sama ya gangare zuwa lambatu. Ido ba ya lura da wannan. In aka kuskure shi, ruwa ya kwanta, ya ratsa kwalta ya jiƙa ƙasar da ke ɗauke da ita, tirela ta bi ta kai, sai rami. Haka lambatun da aka gina bakinsa ya fi gindinsa ƙasa: ya zama tafkin sauro. Ba kowane ramin titi ne laifin ƙarancin kwalta ba, wani tun ranar awo aka haife shi.

Ra'ayinmu a nan shi ne mun fi buƙatar rubutu a kan sababbin na'urori. Lokacin da ya fi arha a auna bututu shi ne ranar da yake kwance a buɗaɗɗen rami kowa na ganinsa. Minti kaɗan ne da GPS. A shimfiɗa siririyar wayar ƙarfe tare da bututun roba don na'ura ta ji shi gobe, a sa ƙyallen gargaɗi a samansa, sannan a ajiye lambobin inda mai haƙa na gaba zai same su. A Amurka, tun 2007 akwai lamba ɗaya, 811, da ake kira kafin a haƙa rami, sai masu bututai su zo su shafa fenti: ja na lantarki, rawaya na gas da mai, shuɗi na ruwan sha, ruwan lemo na sadarwa. Bututun gas na AKK da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, zai daɗe a binne fiye da yawancin waɗanda suka binne shi. Garuruwa za su faɗaɗa su cim masa, a yi tituna su ƙetare shi, kuma masu tsara waɗannan titunan suna aji ɗaya da ku yanzu.

Mai sha'awar wannan sana'a sai ya riƙe lissafi da fiziks da labarin ƙasa da kyau. Ana karanta ta a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, akwai kuma makarantar safiyo ta tarayya a garin Oyo. Hukumar SURCON ce ke ba da lasisin aiki. Herbert Macaulay da kuka sani a darasin tarihi, wanda hotonsa ke kan tsohuwar naira ɗaya, aikin safiyo ya yi a Legas kafin ya shahara a siyasa.

Ga aikin gida na wannan mako. Na farko: radar ta harba igiya a busasshen rairayi mai saurin santimita 15 a nanosakan, ta dawo bayan nanosakan 16. Nawa ne zurfin bututun, kuma nawa allo zai nuna in mai aikin ya bar lambar a kan 10? Na biyu: titi mai faɗin mita 7.3 yana gangarewa daga tsakiya zuwa kowane gefe da santimita biyu da rabi a mita. Da santimita nawa tsakiyar ta fi gefen tudu? Ku nuna yadda kuka yi lissafin, ku rubuta sunan makarantarku da ajinku. Amsa sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.