Barin Taba Ya Fi Yi Wa Mace Wuya

'Yan'uwana mata, likitoci sun gano cewa barin taba ya fi yi wa mace wuya a kan namiji, kuma ba raunin zuciya ba ne. Sinadarin mata da ke cikin jini, wato istirojin, shi ke sa hanta ta narkar da nikotin da sauri, sai jarabar ta dawo da wuri. Haka abin yake ƙaruwa ga mai ciki, da mai shan ƙwayar tazarar haihuwa mai istirojin. Ga kuma tsoron ƙiba.

Saboda haka kada mu yi wa mai ƙoƙarin bari gori, mu raka ta asibiti. Ku kuma 'yan makaranta, shisha ma taba ce, kada ku fara. Rigakafi ya fi magani.