Wai Delu Sunan Ƙauye Ne?

Wani suna na je nan unguwarmu Giginyu, aka raɗa wa jaririya sunan kakarta, A'ishatu. Tsohuwar nan Delu ake kiranta, sai wata gwaggo ta ce to a riƙa kiran yarinyar Delu ƙarama. Wallahi 'yan uwana mata da kun ga yadda maijego ta yamutsa fuska. Wai sunan ƙauye ne, ita ta riga ta tsinto wa 'yarta lakabi a wani littafin soyayya. Na ce ƙanwata, mene ne ma'anarsa? Ta ce oho, daɗin faɗa ne da shi.

Haba! Delu fa labari ce sukutum: macen da ta biyo bayan maza. Namijin da ya biyo mata shi ne Tanko, wanda ya biyo tagwaye Gambo. Idan kika ji Ajuji, kin san uwar nan ta sha binne 'ya'ya, har ta kai ana nuna kamar an yar da wannan a juji ko Allah Ya sa ya tsaya. Kin ji kukan uwa a cikin kalma ɗaya. Talatu da Jummai da Asabe kuwa ranakun haihuwa ne, asalinsu Larabci, bakin Bahaushe ya tausasa su, kamar yadda Khadija ta koma Dije, Maryamu ta koma Mairo. Kunya ma ta haifar da nata: surukar da ba ta iya faɗin sunan uwar mijinta dole ta nemo wa mai sunan wani lakabi. Unguwar da muke zaune ma, ai jam'in giginya ne.

Laifin har da mu marubuta, ban cire kaina ba. Na sha zama da biro ina harhaɗa haruffa don jarumata ta samu sunan da ba a taɓa ji ba, ban damu da tushensa ba. Ga shi yau an ɗora shi a kan 'yar mutane.

Abin da ya ƙara ba ni haushi, wani Baturen Ingila, Tolkien, malami a jami'ar Oxford, wanda littafinsa The Lord of the Rings ya fara fitowa a 1954, harsuna ya ƙago wa wasu halittu masu kama da aljanu a labarinsa, Quenya da Sindarin. Bai yarda ya jefa suna haka kawai ba. Sai ya yi masa saiwa, ya tsara yadda lafazinsa ya sauya da daɗewar zamani. A sunan Elrond, "el" ɗin nan tauraro ke nan. Mutum ya ƙarar da shekaru yana ƙirƙiro wa mutanen ƙarya asali, mu kuma da muka gaji na gaske muna jin kunyarsa a gaban baƙi.

Ban ce kar a sa sabon lakabi ba, Mairo ma ai wata rana sabo ne. Amma ki tambayi malami ko tsohuwar gidanku tukuna. Yarinyar nan za ta girma ta ce Umma, me sunana yake nufi? Ni dai tun ranar Delu nake kiranta, uwar na harara ta.