Sharhi: Ɗan jaridar da gidansa bai biya ba, wani ne zai biya shi

A Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, labarai da dama da jama'a ke ji a rediyo ko suke karantawa a waya, 'yan jarida masu zaman kansu ne ke kawo su. Ba su da albashin wata. Bisa ga rahoto ake biyansu, in ma an biya. Kuɗin kabu-kabu, kuɗin kiran waya da na intanet duk daga aljihunsu suke fita. Galibi babu yarjejeniya a rubuce, babu rajista a CNSS, kuma ranar da ciwo ko haɗari ya same su a bakin aiki, dangi ne ke ɗaukar nauyi.

Tun Janairun 2024 mafi ƙarancin albashi a Nijar ya tashi daga jika 30 da 'yan kai zuwa jika 42 na sefa. Amma wanda ba shi da takardar aiki, da wace hujja zai je gaban sufeton ƙwadago ya nemi wannan haƙƙi?

Illar ba ta tsaya kansu ba. Ɗan jaridar da gidansa bai biya ba, ambulan ɗin "kuɗin mota" yake jira a ƙarshen taro. Wanda ya miƙa ambulan kuwa shi ke zaɓen abin da za a faɗa. Haka labarin bukin buɗe taro ke samun wuri, labarin tsadar hatsi a kasuwar ƙauye ya rasa mai ɗauka. Mai saurare ne ke asara.

Sauran ƙofofin ma sun ƙuntata. An dakatar da RFI da France 24 a Agustan 2023, an dakatar da BBC na wata 3 a Disamban 2024, sannan tun Janairun 2024 hukumomi suka dakatar da Maison de la Presse, inuwar da ke tara ƙungiyoyin 'yan jarida.

Don haka lokaci ya yi da masu zaman kansu za su haɗa kai. Dokar ƙwadago ta 2012 ta amince da 'yancin kafa ƙungiyar ƙwadago. Buƙatun a fili suke: farashi mafi ƙaranci na kowane rahoto, hoto ko bidiyo, yarjejeniya a rubuce kafin a fita aiki, wa'adin biya da ba zai wuce wata ɗaya ba, mayar da kuɗin sufuri, da asusun taimakon juna don asibiti da lauya. Kada kuma ƙungiyar ta zama ta Yamai kaɗai. Wakilan jihohi da mata su samu kujera tun ranar farko.

Gaskiya ne masu gidajen jarida ma na cikin matsi: talla ta yi ƙaranci, ga kuɗin wuta, ga haraji. Wannan dalili ne na a zauna a daidaita, ba hujjar sa mutum aikin kyauta ba. Hukuma kuma tana da abin yi: duk gidan da zai ci tallafin da gwamnati ke ware wa kafofin yaɗa labarai, ya fara nuna shaidar biyan masu yi masa aiki.

Muddin kowa na ciniki shi kaɗai, mai gida zai samu wanda zai karɓi rabin farashi. Ranar da suka tsaya kan farashi ɗaya, ranar ce za a fara sauraronsu.