Mai Gadin da Ake Iya Sa Shi Barci

A watan Fabrairu na 2022 ne Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe babbar tashar lantarki ta Lafia, abin da jama'ar Jihar Nasarawa, har da mutanen Keana garin gishiri, suka daɗe suna jira. To, amma akwai abin lura. Tashoshi irin wannan, na'urori ne masu aiki da kansu ke gadinsu. In waya ta tsinke ko wuta ta yi yawa, su ke katse ta nan take tun taransifoma ba ta ƙone ba.

Irin waɗannan na'urori kuwa ana iya sumar da su daga nesa. A 2015 kamfanin Siemens ya sanar da wani aibi a wasu na'urorinsa na SIPROTEC, watau saƙo guda na mugunta ya isa ya daskarar da na'ura, ba za ta farfaɗo ba sai an kashe ta an kunna. Maharan da suka katse wutar wani ɓangare na birnin Kiev a Disamba 2016 sun tanadi wannan makami a cikin manhajarsu.

Saboda haka wajibi ne hukumomin lantarki su raba hanyar sadarwar na'urorin da intanet da kwamfutocin ofis, su sa gyaran da masu ƙerawa suka fitar ba da jinkiri ba, su kuma horar da ma'aikata yadda za su sarrafa tasha da hannu. Taransifomar da ta ƙone, watanni ake yi kafin a sami madadinta.